'Yata Ba Ta San Bakwai Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, na gaji. Guga nake yi a wani shagon wanki, tun safe ina tsaye har la'asar, kuma a saman bene muke haya. 'Yata shekararta biyar, Tsalle muke ce mata don ba ta san zama ba. In na zaunar da ita da littafi, sai hamma, sai kuka, ni ma in ji kamar in taya ta. Da na rasa yadda zan yi, sai na mai da matakalar benenmu allo. Kullum in na ɗauko ta daga makaranta, tana dira kan kowace da ƙafa biyu tana ƙirgawa. Cikin wata guda ta kai ashirin, har maƙwabta na leƙowa suna yi mata tafi.

To Anti, matakala ta bakwai a karye take tun kafin mu tare, mai gidan kullum sai gobe. In mun zo shida sai in ɗaga ta cak in dire ta a ta gaba, in ce takwas, tunda ta takwas ɗin ce. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Makon jiya malamarsu ta kira ni. Wai yarinya na ƙirga biyar, shida, takwas, an gyara mata ta ƙi, ta ce haka mamanta ta koya mata. Kuma ba ta amsa tambaya sai ta miƙe tana dira, tana hana sauran yara ji. Saura mako uku gwaji, in ba ta daidaita ba za ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta.

Babanta ya ce ni na ɓata ta, karatu a zaune ake yin sa. Ga gwiwoyina har ƙara suke yi saboda benen nan. In haƙura ne kawai? Wallahi kunya ta ishe ni.

Uwar Tsalle

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ki sauke kunyar nan. Duk abin da ƙafar yarinyar nan ta taka ta riƙe shi daram, wanda ba ta taka ba ne kaɗai ya ɓace. Dabararki ta ci ke nan.

Amma malama na da gaskiya, mai riƙe da aji guda ba za ta bar kowa ya yi ta dira ba. Babanta ma bai yi ƙarya duka ba, ranar gwaji a zaune za ta amsa. Ki samo alli ki zana gidaje goma a tsakar ɗaki, ke ki zauna ki hutar da gwiwa, ita ta yi dirarta, in ta zo bakwai ta tsaya ta yi tafi. Bayan mako guda ki mai da dirar tafi, sannan ki mai da tafin buga yatsa a cinya, wanda za ta yi a aji ba wanda ya ji. Ki ba malama labarin matakalar, za ta gane. Babanta kuwa, tunda yana da ƙarfin magana, a miƙa masa allin yau da gobe.

Kafin duk wannan, ki durƙusa daidai tsawonta ki gaya mata Mama ce ta tsallake bakwai, ba ita ba. Yarinyar da ta tsaya gaban aji tana kare maganar uwarta ba za ta karɓi bakwai daga bakin kowa ba sai naki.

Allah ya ba gwiwa lafiya, ya kai Tsalle aji na gaba tare da ƙawayenta.