Inna, Muciyarki Ta Riga Mu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Toranke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mana, da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, na zo miki da barka da Sallah daga ƙasar Kanada, inda sanyi ya hana ni cire safa ko a kan sallaya. Saƙon da kika bar mini ya isa hannun mai shi. Sai dai ya bi wata hanya da zan so a ce kina nan na ba ki labarinta baki da baki.

Kin tuna muciyarki, doguwar nan da Baba ya sassaƙa miki, mai tabon ƙuna a gindi? Da ita kika tuƙa tuwon kowace Sallah tun ina goye. A jinyarki ta ƙarshe kika ce da ni, "Asabe, wannan ta takwarata ce, ki ba ta hannu da hannu." To takwarar taki, 'yata Ummi, aure ya kai ta ƙarshen duniya. Tun da ta tafi take tuƙa tuwo da wani ɗan cokalin katako, tana turo mini hotonsa wai in yaba. Ni kuwa ina ganin gudaji tun daga Gaya.

Da suka aiko in je mu yi ƙaramar Sallah tare, muciya na fara ɗaukowa kafin zani. Aka gwada ta a akwati, ta ƙi shiga ta tsaye, ta ƙi ta kwance. Surukinki Malam ya ce a kai wa kafinta ya rage mata tsawo. Kallo ɗaya na yi masa, ya ce wasa yake yi. Na naɗe ta a tsohon ɗankwalinki mai ruwan goro, na ce a hannuna za ta tafi.

A filin jirgi ne aka nuna mini iyakata. Ma'aikaciyar da ke duba kaya ta juya ta, ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ce ba a shiga jirgi da kulki. Kulki, Inna! Na ce mata 'yar nan, ke a gidanku da me ake tuƙa tuwo? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta san muciya sarai, amma doka ba ta santa ba. Haka ina ji ina gani aka naɗe ta a leda, aka tura ta ita kaɗai cikin kayan da ake zubawa a ƙarƙashin jirgi. Na bi ta da ido har ta shige.

Jirginmu cike yake da masu tafiya Umara, don ƙarshen azumi ne. Ina ganinsu na tuna ki. Duk shekara kina cikin masu rakiyar maniyyatan Toranke har bakin mota, kina cewa, "Ku gaishe min da ƙasar, ku ce ina nan tafe." Allah bai nufa ba. A ƙasar da muka ya da zango muka rabu da su, suka yi gabas, na yi yamma.

Ga wani taurin kai da za ki ce naki na gado. Malam ya gaya mini matafiyi yana da sauƙi, in ajiye azumi in rama. Na ce ni da nake shara da surfe da azumi a zafin Gaya, zama a kujera ne zai gagare ni? Ashe idan jirgi ya nufi yamma, rana yake bi. Agogon hannuna ya ce Gaya sun sha ruwa, rana tana tsaye a taga. Ya ce sun idar da asham, tana nan. Mai rabon abinci ta wuce ta dawo, ta wuce ta dawo, ina girgiza mata kai kamar mai fushi da ita. Dabinona ya yi gumi a hannu. Sai da muka sauka sannan ranar ta ga dama ta faɗi.

Akwatina ya fito lafiya, har da kuka da daddawar Gafasa da na yi ta fargabar za a ƙwace. Muciya ce babu. Na tsaya gaban injin da ke juyo da kaya har ya daina juyawa. Ummi tana rungume da ni tana murna, ni kuwa ban ko dube ta da kyau ba. Mijinta Auwalu ya yi ta fama da ma'aikata, yana kwatanta musu da hannu abin da ya ɓata. Ɗaya ya tambaya ko sandar wasan ƙwallo ce. Suka ce za su kira.

Kwanakin da suka rage na azumi ban ji daɗinsu ba, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya kika ba ni amana, na ɗauko shi daga inda ya shekara lafiya a bayan ƙofa, na jefar a sararin sama. Ummi tana cewa itace ne kawai, zuwana ya fi mata komai. Na san lallashi ne, don na gan ta tana share ido a kicin.

Ranar Sallah muka yi Idi a wani katafaren ɗakin wasanni, saboda waje duk ƙanƙara. Na sa leshina mai kyau, aka ɗora mini rigar sanyin Auwalu a kai, na koma kamar buhun gero. Amma da aka ɗauki kabbara, baƙaƙe da farare da jajaye murya ɗaya, sai tsikar jikina ta tashi. Wata mata da ba na jin yarenta ta rungume ni, ta cusa mini alewa a hannu.

Muka dawo gida na ɗora tuwon shinkafa da cokalin Ummi. Ina kai tuƙi na biyu ya karye a hannuna. Tuwo ya fito ba ya kallo. Kin san dokarki, malmalar farko ta maƙwabta ce, kafin kowa ya sa hannu. Na ce wannan kam ba zai fita da sunan gidanmu ba. Na zauna na haɗe rai, miyar taushe tana ta ƙamshi ita kaɗai.

Bayan la'asar aka buga ƙofa. Auwalu ya je ya buɗe, ya dawo da dogon abu a leda, yana ƙunshe dariya. Na yage ledar da haƙori. Ɗankwalinki yana nan yadda na ɗaura shi, tabon ƙuna yana nan, ko ƙwarzane babu. Sai da ya ga na riƙe ta sosai sannan ya gaya mini abin da aka faɗa masa a waya. Wai da aka ga kaya daga Kano, sai aka haɗa ta da na masu Umara. A Jidda ta yi kwanakin nan.

Inna, dariya na fara, har na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ke ba ki je ba, ni ban je ba, amma abin da ya fi kowa sanin tafin hannunki ya je ya yi ƙarshen azumi a ƙasar da kika yi ta aika wa gaisuwa. Yanzu a gidan nan Hajiya ake ce mata, kuma babu mai jingine ta a ƙasa.

Na miƙa wa Ummi hannu da hannu, yadda kika ce. Muka sake ɗora tukunya, ita ta tuƙa, ina tsaye a kanta ina gyara mata riƙo. Ashe ba ta buƙatar gyara, yatsunta suka faɗa daidai inda naki suka lotsa itacen. Tuwo ya yi sumul. Malmalar farko muka kai wa wata tsohuwar Baturiya da ke ƙofar da ke kallon tasu, wadda sai gaisuwar kai suke yi da ita. Da wuƙa da cokali mai yatsu ta ci, kada ki ji haushi. Washegari ta dawo da kwanon, ta zauna har azahar.

Allah ya gafarta miki, ya sa kina cikin ni'ima, ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ya ba ni ikon zuwa in isar da gaisuwar nan taki da bakina, tunda muciya ba ta magana.

'Yarki mai kewarki,
Asabe