Ledar da na ware ce Hajiya take hura wuta da ita

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Admin a sakaya sunana, ɗalibaina sun fi ni zama a waya. Don Allah ku ba ni shawara, gyara na yi a gida, ya koma yana cin lafiyar mahaifiyata.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, ina zaune a gidanmu na gado a Gobarau, da iyalina da mahaifiyata Hajiya. Na daɗe ina tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane raba shara, in dawo in tarar da tamu a cakuɗe, toka da leda da ɓawon albasa a bokiti guda. Bara da leda ta toshe kwatar layinmu har ruwa ya tsaga katangar maƙwabci, sai na ce bari in gwada darasin da nake kayar da yara a kansa. Toka da kashin awaki manoma suna kwasa su yi taki, gwangwani da robar lemo 'yan jari-bola suna ɗauka har da godiya. Ledar fiya wata ce ba ta da masoyi. An ce akwai masu narka ta, amma ba wanda zai shigo lungunmu saboda buhu ɗaya. Sai nake sa a ɗauraye ta, a shanya, a tara a buhu a zaure kafin in sami inda zan kai.

Buhun dai ya ƙi cika. Na ji daɗi, har na yaba wa maiɗakina cewa an fara wayewa. Ta bari na gama jawabi, sannan ta ce in leƙa kurfotin Hajiya da safe. Ashe da ledar take kunna gawayi, tunda kananzir ya fi ƙarfinmu. Da can ƙyamar tsintar ta cikin shara take yi, sai da ni da digirina na wanke mata, na busar, na ajiye a inda hannu zai kai. Har aika wa ƙawayenta take yi a matsayin zumunci.

Yanzu tari ya kama ta, numfashinta yana fita da ƙara, in ta yi alwala sai ta zauna ta huta. Likita ya ce ta nisanci hayaƙi. Na durƙusa na yi mata bayani, ta ce ita da ta girma cikin hayaƙin kara da kashin shanu, ledar da ba ta kai tafin hannu ba ce za ta kashe ta? In boko ya hana hura wuta, wai in zo in dama mata kunun da alli. Na sayo gas, ta ce ba za ta kwana da bam a ɗaki ba, ta lulluɓe shi da zane ta ɗora fulas a kai. Maiɗakina ta ce za ta riƙa kunna mata, Hajiya ta ce ai ba ta mutu ba tukuna.

Da na mayar da buhun ɗakina na rufe, sai Hajiya ta ɗauki waya. Ta kira yayata tana kuka, wai ta ga ranar da ɗan da ta haifa yake sa wa shara kwaɗo saboda ita. Yaya ta ce in fito da shi, na fito da shi. Shawararta ita ce in koma cakuɗawa yadda Hajiya za ta yi ƙyama, ledar ta tafi kwata, maƙwabci ya ji da katangarsa.

Jama'a, in koma cakuɗawa, ko in sake rufewa in ɗauki fushinta? Wanda ya taɓa hana tsohuwarsa abu ba tare da ta zubar da hawaye ba, ya faɗa mini da wace kalma ya fara. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙaurin, ta kunna.