Littafin Mutum Uku

Melbourne, 9 ga Maris

Zuwa ga mijina, Baban Litiana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Litiana da Mama da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Mama, har yanzu tana kumbura in ta jima a tsaye? Yaya gonar gwaza bayan ruwan da aka ce an tafka a tsibirinmu Kadavu? Ni lafiyata ƙalau, na sauka lafiya, har mun yi mako guda da komawa aji.

Na zaɓi in riƙa rubuto maka ne saboda wayar nan ba ta ƙosar da ni. Sai ka hau tudun bayan makaranta, in mun samu juna kuma rabin hirar "kina ji na?" ce. Takarda ko ta yi mako biyu kafin jirgin ruwa ya kawo muku ita, ai za ta iso da maganata cikakkiya.

Darasin da ya fi ba ni tsoro bana shi ne na gudun ruwa a cikin bututu. Na san za ka yi dariya, macen da ta yi shekara tara tana gyaran famfunan garinmu Vunisea. To can hannu ne ke aiki, Waisea, nan kuwa lissafi ne zalla. Littafin darasin ma ba irin wanda ka sani ba ne. Ba a riƙe shi, ba ya kan kanta. Laburare ce ta saye shi ta ajiye a cikin kwamfuta, kowa ya shiga da sunansa ya karanta. Sai dai mutum uku kacal yake ɗauka a lokaci guda, mu kuwa casa'in ne a ajin. In ka zo na huɗu, sai ya rubuta maka cewa ya cika, ka dawo anjima. In kuma kana ciki ka yi minti goma sha biyar ba ka taɓa komai ba, ya fitar da kai ya saka wani. Na tambayi matar da ke kan teburin laburare ko akwai na takarda, ta ce an daina saya tun shekara huɗu da suka wuce. Ta faɗa mini cikin fara'a, ta ce wannan ya fi sauƙi, ba sai na sha nauyin jaka ba.

Na samo dabarata. Ƙarfe bakwai ake buɗe ƙofar laburare, ni ce ta farko, yaran nan kuwa ba sa tashi da wuri. Ina da teburina a hawa na biyu kusa da taga.

Ka ce wa Mama kada ta damu, ina da ƙawaye, ina cin abinci. Ka shafa mini kan Litiana, ka tabbata tana sa takalmi in za ta bakin ruwa.

Ka huta lafiya.
Matarka, Vasemaca

Melbourne, 27 ga Afrilu

Baban Litiana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama da Litiana. Na samu takardarka da zanen da Litiana ta yi mini. Na ga ta zana ku uku a cikin kwalekwale, ni kuma ta sa ni a sama cikin jirgi. Na manna shi a jikin bango. Na ji daɗi da aka ce kumburin ƙafar Mama ya yi sauƙi.

Akwai maganganu biyu da na ɓoye maka, yau zan faɗe su, ka yi haƙuri.

Ta farko, darasin nan ba sabo ba ne a wurina. Na yi shi bara na faɗi. Da na zo hutun Kirsimeti aka yanka alade, limamin coci ya tashi ya yi mini addu'a a gaban jama'a yana kirana injiniyarmu, sai na ji kunya na ɓoye muku. Masu ɗaukar nauyin karatuna sun rubuto mini cewa in na sake faɗuwa a shi, sun janye, in tattara in koma gida.

Ta biyu, ba ni da ƙawaye. 'Yan ajinmu shekarunsu sha tara, ashirin, ba su yi mini komai ba, kawai ba sa ganina ne. Makon jiya na lura cewa daga Litinin zuwa Juma'a abin da ya fita daga bakina shi ne "na gode" ga direban bas. Ranar Lahadi ina zuwa cocin mutanenmu, amma tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ana tashi kowa ya shige motarsa da iyalinsa. Na sayi gwaza a wani shago, an daskarar da ita a leda, na dafa na ci a tsaye.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Waisea, na zama wata iri a kan littafin nan. Tun da gwajin tsakiyar zango ya matso, in na shiga da safe ba na fita sai yamma. Ko ba karatu nake yi ba, ina taɓa maɓalli duk bayan minti goma don kada ya kore ni. Ina cin burodina hannu ɗaya na kan kwamfuta. In zan zaga bayan gida da ita nake tafiya a buɗe. Tsoro nake ji in na fita ba zan sake samun shiga ba.

Ranar Talata, ana gobe gwaji, wasu 'yan ajinmu biyu suka zauna a teburin bayana. Ɗaya yarinya ce mai jan gashi, Tahlia ake ce mata, har yanzu da rigar kantin da take aiki a jikinta. Na ji tana buga maɓalli tana tsaki. Abokin zamanta ya ce, "Bar wahalar da kanki. Wani ya tare a cikin littafin nan da kayansa, ina jin har labule ya sa." Ta ce, "Ba abin dariya ba ne. Awa biyu gare ni kafin in koma aiki, kwana huɗu ke nan ina gwadawa. Babi na shida kawai nake so." Ya ce, "In na kama shi sai na sa ya cinye kwamfutarsa." Ba ta yi dariya ba. Can na ji muryarta ta canja, tana jan hanci.

Babi na shida ne a buɗe a gabana. Na riga na karanta shi sau uku. Da na danna wuri ɗaya, da ta shiga. Ban danna ba. Na sunkuyar da kai, na juya allon don kada su gani, na zauna har suka tashi.

Ka san gidan da na fito. Mahaifina bai taɓa dawowa daga teku ya wuce ƙofar maƙwabci da kifi bai ajiye ba. Ni ce yau na hana yarinya shafin littafin da ba nawa ba. Na samu maki mai kyau a gwajin, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Kada ka karanta wa Mama wannan. Ka sa ni a addu'a.

Taka, Vasemaca

Melbourne, 25 ga Mayu

Mijina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk gida. Yaya Litiana da haƙorin da ke girgiɗi, ya fita? Amsarka ta iso ranar Juma'a. Na yi zaton faɗa, sai na ga layi huɗu kawai, kana cewa da na gaya maka tun bara da mun ɗauki abin tare. Na karanta a tashar bas, har bas biyu suka wuce ni.

Kafin takardarka ta zo na riga na je wurin yarinyar. Na same ta a layin sayen shayi, na ce ni ce wadda ta tare a cikin littafin. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke? Na zaci wani ƙaton banza ne." Sai ta ce, "Kin san na faɗi gwajin nan?" Na ce na sani, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haƙurin ba zai ƙara mini maki ba," ta karɓi shayinta ta tafi. Ban ga laifinta ba.

Bayan kwana biyu sai ga ta a teburina, ta jawo kujera ba sallama. Ta ce, "Tunda ke ce mai gidan, matsa mini." Tun daga ranar, daga sha biyu zuwa biyu muke karatu a allo ɗaya. In ta tafi aiki nakan rufe littafin. Ranar farko da na rufe, na jira awa uku kafin in sake samun shiga, kuma ban mutu ba.

Kanta yana ja a lissafi fiye da nawa nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa riƙe sifana ba. Mun zo wurin da ake bayanin yadda ruwa ke dukan bututu in an rufe shi da gaggawa, ta ce ita dai haruffa take gani. Na ba ta labarin ranar da sabon ma'aikacinmu ya rufe babban famfon da ke gangarowa daga tanki gaba ɗaya, bututun ya yi ƙara kamar an harba bindiga, mahaɗar ta tsage, muka yini cikin taɓo har gwiwa. Ta saki baki tana kallona. Ta ce, "Wato abin nan da gaske yana faruwa?" Na ce har tabonsa yana nan a hannuna, na nuna mata. Ita kuma ta zauna ta warware mini lissafin da ya kayar da ni bara, a bayan takardar burodi, sau uku, tana cewa, "A'a, Mama, sake dubawa, kin bar abu a baya." Mama take kirana, da tsokana. Na ƙyale ta.

Kada ka ɗauka mun zama aminai. In biyu ta yi ta saɓa jakarta ta tafi, ba ta taɓa tambayata inda nake kwana ba, ni ma ban tambaye ta ba. Amma awa biyu a rana ina jin muryata, kuma wani yana amsawa.

Sanyi ya shigo sosai. Jarrabawa ranar sha shida ga Yuni. Ka gaida Mama.

Maman Litiana

Melbourne, 12 ga Yuli

Baban Litiana,

Ina yi maka gaisuwa irin ta wadda ta daɗe ba ta ga mijinta ba. Ina fatan kuna lafiya, kai da Mama da 'yarmu. Na gode da busasshen kifin da ka yi niyyar aikowa, amma kada ka wahalar da kanka, ba za su bari ya shigo ba.

Sakamako ya fito jiya da hantsi. Na ci, Waisea. Hamsin da takwas, ba wani abin a zo a gani ba, amma na wuce. Tahlia ma ta wuce, ta aiko mini da saƙo daga garinsu, Mildura, kalma uku da hoton karenta. Zango mai zuwa ta zaɓi ɓangaren gine-gine, ni na ruwa, ba za mu sake haɗa aji ba. Ranar da muka fito daga jarrabawa ta rungume ni a bakin ƙofa, ta ce, "Sai wata rana, Mama," ta ruga don kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar ta. Na so in ce ta zo in dafa mata kifi da madarar kwakwa, ban samu sarari ba.

Yanzu hutu ake yi, makaranta ta watse. Gidan da nake haya mu biyar ne, huɗu sun tafi wurin iyayensu. Da na ga sakamakon na tashi tsaye, na rasa wanda zan gaya wa. Na kira ka sau shida ba ta shiga ba, na san kana gona. Sai na sa rigar sanyi na fita, na yi ta tafiya har bakin kogi, na zauna a kan benci.

A can ne na gane wani abu, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Ashe akwai wani ɓangare na zuciyata da ya so in faɗi. Tun watan Afrilu na riga na shirya komai a raina: yadda zan sauko daga jirgin ruwa, kunyar da zan sha mako biyu ko uku, sannan mutane su manta, in koma aikina, in riƙa yi wa Litiana kitso ranar Asabar. Na yi karatu iya ƙarfina, Allah ya sani, ban yi wasa ba. Amma da na ga hamsin da takwas ɗin nan, abin da ya fara zuwa mini shi ne sauran shekara biyu da rabi. Litiana za ta kai shekara tara kafin in dawo gaba ɗaya. Ranar Lahadi da ka ba ta wayar, ta ce mini "ina wuni" kamar tana gaida baƙuwa, sannan ta tambaye ka ko ta iya tafiya wasa. Na ji ka kana ce mata ta ƙara magana. Kada ka ƙara tilasta mata, ba laifinta ba ne.

Ba cewa nake zan bari ba. Na riga na yi rajistar zango mai zuwa yau da safe, kafin in ba kaina damar yin tunani. Ka sanar da Mama da limamin coci cewa na ci, su yi murna, ya kamata wani ya yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka tsayar da Litiana a kan farar takarda, ka zagaye ƙafarta da fensir, ka sako mini a cikin amsarka. Na ga wani takalmin makaranta mai kyau a kanti, na ɗauka na juya shi a hannuna, mai shagon ta tambaye ni lamba nawa 'yata take sawa, na tsaya ban sani ba.

Allah ya tsare mini ku, ya haɗa fuskokinmu a watan Disamba.

Ni ce matarka,
Vasemaca