Kicin Ɗin da Aka Gyara Ba da Sanina Ba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ni dai ido ya warke, alhamdu lillahi, har ya soma gano mini abin da ba na so.

Kin san sati uku na yi a gidan Auta bayan aikin idon. Ranar da na dawo, ɗanki Injiniya ya riƙe hannuna ya kai ni kicin yana ta murmushi, wai ya yi mini gyara. Wallahi na ɗauka gidan wasu muka shiga. Komai fari fat, tayil har sama, sabon murhun gas, kabad-kabad a jere kamar kantin magani. Na yi godiya, na sa masa albarka, don har ga Allah na ji daɗi.

Sai da na tashi dafa shayi na gane kurena. Wanda ya kafa kabad ɗin nan da tsawonsa ya auna, ba da nawa ba. Kofuna suna can sama, sai na taka kujera. Tukwanena na shekara talatin babu ko ɗaya. Matar ɗanki ta ce sun yi baƙi, ta bayar da su. Teburin da nake zama in yanka albasa an fitar, wai yana cin wuri. Gishiri da sukari da gari duk ta juye su a robobi iri ɗaya, ta manna musu suna da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Shekaranjiya gishiri na zuba a shayi.

Kuma kowace Asabar sai ta zo, wai duba ni. Kafin ta gama gaishe ni idonta ya riga ya shiga kicin. In na bar ludayi kusa da murhu ta mayar durowa, ko tsumma ba ta yarda a gani a rataye. Ni da na ciyar da mijinta har ya yi gemu, yau ni ake koya wa inda cokali yake kwana. Ina dai haɗiyewa saboda kada a ce tsohuwa ba ta da godiya.

A gaida kowa.
Yayarki

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, kin ce in yi haƙuri, yara ne, don alheri suka yi. To zauna ki ji alherin.

Ranar Talata da hantsi ina soya ƙwai sai na ji ana buɗe ƙofar gida da makulli. Na leƙo, sai ga wani mutum da jaka a hammata, bayansa wasu mata da miji. Ya gaishe ni a tsaye, ya ce shi dillali ne, ya kawo su ganin gida. Na ce wane gida? Ya ciro waya ya nuna mini hoton kicin ɗina, tsaf, ko cokali babu a waje. Ya ce Injiniya ne ya ba shi makulli, za a ba da gidan haya ƙarshen wata mai zuwa, tunda tsohuwar za ta koma wurin ɗanta.

Tsohuwar kuwa tana tsaye a gabansa da ludayi a hannu.

Matar ta sunkuyar da kai don kunya, ita ce ma ta ja mijinta suka fita. Na miƙa wa dillalin hannu na ce ya ba ni makullina. Ya soma kame-kame, na ce gidan nan sunana ne a takardarsa, in yana so a kira hukuma a kira. Ya ajiye mini ya fita. Ƙwan kuwa ya ƙone ƙurmus.

Ashe shi ya sa ake ɓoye mini ludayi duk Asabar. Ba don ni aka yi gyaran ba, ni ce ma mai gadin kicin ɗin kafin masu shi su iso. Na kira ɗanki. Ya ce dama yana shirin gaya mini, ya gyara mini ɗaki a gidansa mai banɗaki a ciki. Na kashe wayar yana cikin magana. Kada ki ce za ki ba shi haƙuri a madadina, ban aike ki ba.

Yayarki

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanki ya zo ranar Lahadi shi kaɗai. Ban ba shi kujera a falo ba, na kai shi kicin na ce ya duba ko akwai wurin da mutum zai zauna. Muka yi maganar a tsaye. Na ce masa, "Tun daga ranar da aka fasa bango har ranar da ka ba baƙo makullina, sau nawa ka tambaye ni abin da nake so?"

Ya ce tun bara da ya same ni a ƙasa a banɗaki, na kasa tashi, duk wayar da ta shigo masa sai gabansa ya faɗi. Ya san in ya tambaye ni zan ƙi, shi ya sa ya so a gama komai tukuna. Na ce ashe ya san amsata, ya zagaye ta. Sai ga ƙaton mutum yana share ido da hannun riga. Ban lallashe shi ba.

Ga inda muka tsaya. An cire hoton gidan daga tallan dillali. Kafinta ya zo ya sauko da kabad ɗin daidai kafaɗata, ya bar ramuka shida a tayil, kuma na hana a toshe su. An sa mini ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ni kuma na yarda kullum da safe zan kira shi, in ban kira ba ya zo. Matarsa ta aiko da gaisuwa, na amsa, iyakarta ke nan a yanzu.

Ke kaɗai zan gaya wa wannan. Bayan tafiyarsa na zo ɗaga tukunyar ruwa, hannuna ya ƙi, sai da na rage rabi. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Na san wata rana zan koma gidan yaron nan, ba na musu. Amma ni zan faɗi ranar, ni zan kulle ƙofata da hannuna. Kada ki kuskura ki gaya masa.

Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci.
Yayarki