Irin masarar da na taho da shi

Daren Laraba

Ruwan shuka ya sauka jiya. Da asuba na tsinci kaina a ƙofar gida riƙe da fartanya, sannan na tuna a Birnin Gwari nake. Gonata tana can wajen Kuyello, inda ba mai iya shiga daji yanzu. Tun da muka gudo muke cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan Kawu Isa. Na zaga kasuwa neman dako, ba wanda ya san ni.

Da yamma matata Hadiza ta ce, "Malam, hatsi ya ƙare, yara ba su ci komai ba. In kai irin masarar nan niƙa?"

Na ce ta kai, amma ta rage mini ko cikin tafin hannu ne.