Abin da Ya Sa Kake Ce Mini "Ke"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abbu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da danginmu na Pakistan da ban taɓa gani ba. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan. Shago yana buɗe. Injin ban-ruwan mutanen Baure da ka bari a wargaje na haɗa shi, ya tashi.

Za ka yi mamakin takarda daga wanda ya gudu daga aji uku. A shago na koyi karatun, da tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kayan gyara. A fili kuma na rubuta, kowa ya gani, don a gaban mutane na ci maka fuska.

Ka zo Daura da kamfanin haƙar rijiya, kamfani ya tafi, ka zauna ka auri Inna. Hausa ta zauna maka, sai abu ɗaya: ni ɗanka namiji, "ke" kake ce mini. Ran da ka leƙo filin ƙwallo ka ce "Ke, zo ki ci abinci," daga nan sunana ya ɓace. Kezo a makaranta, Kezo a masallaci. Na fasa wa yara uku baki, na bar makarantar, na dawo gida da haushin na juye maka.

Da aka ƙaddamar da Shari'a ni ne a gaba wajen kabbara. In zauna a majalisa ina zuba wa mutane haƙƙin iyaye kamar wani malami, in shigo gida ka yi magana in kwaikwayi bakinka. Ko ɗaga kai ba ka yi.

Sai maganar neman aurena. Ba ka da wa, ba ka da ƙane a ƙasar nan, don haka ka ce da kanka za ka je. Ka ba tela ɗinkin babbar riga, kai da ban taɓa gani ba sai cikin doguwar rigarku da wando. Mako guda Inna tana biya maka yadda ake gaida surukai, kana maimaitawa kamar ɗan makarantar allo.

Ranar ka fito zaure, rigar tana jan ƙasa, su Kawu Sale wan Inna da abokaina suna tsaye. Na ce ka koma ciki. Na ce za ka je ka ce wa surukina "ke" a kore mu. Aka yi dariya, Abbu, har da ni. Ka cire hular, ka riƙe ta da hannu biyu, ka ce "To." Bayan biki ka ce za ka je duba yayarka, wata biyu. Yanzu damina biyu ke nan.

Kwanan baya na yi wa Inna tsiwa, na ce ita ce ba ta koya maka daidai ba. Ta ajiye tankaɗe ta ce, "Kai mai baki, ka taɓa jin ya ce wa mai sayen kaya ke?"

Na zauna na bi su ɗaya-ɗaya. Direbobin Kongolam, liman, mai shayi, har ɗan sandan da ya taɓa tsare ka. Duk "kai" kake ce musu, ba kuskure. Inna ta ce "ke" ita ce kalmar da ka fara koya, don ita ka koye ta, kuma tun daga nan duk wanda ya shiga ranka bakinka can yake zamewa. Mu uku ne kawai a garin nan: ita, da marigayiya Kaka, da ni.

Wallahi da an kwaɗa mini mari ya fi mini sauƙi. Na shiga bayan shago na daɗe ban fito ba.

Sau biyu na je wurin mai wayar kasuwa na buga lambar gidan yayarka. Ina jin sallamarka sai in kashe. Ni da ba a taɓa kayar da ni a cacar baki ba. Ni ne, Abbu, ba layi ne ya yanke ba.

Ga abin da ya sa na kasa ƙara jira. Matata Hadiza ta haihu ran Talata, namiji, hancinka sak. Kawu Sale ya zo zai yi masa huɗuba, na ce a dakata, yaron yana da kaka. An ce ba a haka, na ce a bar ni. Ranar suna saura kwana huɗu kuma har yanzu ba shi da suna, Inna tana ta faɗa. Ban ce ka hau jirgi ba, ban isa ba. Gobe bayan Azahar zan sake bugowa, ko da takardar nan ba ta iso maka ba tukuna, kuma ba zan kashe ba. In ka yafe mini, ka faɗi sunan. In ba ka yafe ba, ka zage ni da yarenku, zan tsaya in ji har ƙarshe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan iyayenka, ya sa kada ya kama ni da abin da harshena ya yi maka. Allah ya nuna mini ranar da zan durƙusa a gabanka.

Ɗanka,
Bashir