Kakarki Ta Mayar Da Ni Saurayi

Auta,

Ranar Talata kakarki ta manta an taɓa ɗaura mini aure da 'yarta. Tun ranar ni saurayi ne mai zuwa zance, da furfurata da sandata.

Na fita karɓo maganinta kafin layi ya yi tsawo. Jiya na kai wa likita labarin, ina jiran ya ƙara mata ƙwaya. Dariya ya yi, ya ce kowane mai ciwon mantuwa da ƙofar da ake shiga masa, tunda wannan ta buɗe mu bi ta nan. Duk littattafan da na karanta a kan ciwon nan, babu wanda ya ce in koma neman aure.

Amma abin ya karɓe ta. Ƙwayar da take tofar miki, daga hannuna haɗiyewa take, wai kada ɗan mutane ya ji kunya. Ta cinye abincinta tas, tana kushe takalmina.

In ta farka, ki ba ta farar ƙwayar, ki ce yaron nan ne ya aiko. In ta nemi mamanki, ki ce ta fita. Makoki ɗaya ya ishe ta.

Jiya ta tsare ni: "Kai yaro, me ka gani a jikin 'yata?" Na ce ita kaɗai ce in ta shigo ɗaki nake rufe littafi. Ta ce za ta yi shawara.

Ita mamanki ban taɓa gaya mata ba.

Babanki